RUWAN DOGON DAJI DAGA TEKU YA KE: LABARIN TAURARIN ƊAN ADAM MASU GADIN TEKU

A cikin rangadin makarantu da na yi a ƙarshen bazarar bara, na sauka wata makaranta a ƙasar Dogon Daji, na tarad da malamin aji shida yana koyar da labarin ƙasa. Darasin ranar kuwa a kan teku ne. Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya zana taswira a allo, ya shafe gefen kudu da shuɗin alli. Can sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da ba mu da teku, me ya gama mu da ita?" Yara suka kwashe da dariya, malam ya tsawata, aka ci gaba da darasi. Ni dai ban yi dariya ba, gama na san manya da yawa, har da waɗansunmu masu riƙe da alli da alƙalami, da za a tsare su da wannan tambaya sai su yi ta sosa ƙeya.

Daga Dogon Daji zuwa bakin teku a Ikko, in an miƙe sak ba kwana, ya kusa kilomita 700. Duk da haka ruwan da ke shayar da gero da dawa a ƙasar Tambuwal, da wanda ke cika fadamun Kebbe har a sami shinkafa da albasa, asalinsa daga tekun nan ya ke. Shi ya sa taurarin ɗan Adam da manyan ƙasashe ke kashe dukiya suna harbawa don su duba teku suka zama abin da ya shafi rumbun kowane magidanci a nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga yadda abin ya ke. Iska biyu ke mulkin ƙasarmu, kowace da lokacinta. Ɗaya ita ce ta hunturu, wadda ke fitowa daga arewa maso gabas, daga cikin Hamada, busasshiya, mai ƙura, mai tsaga leɓe da diddige. Ɗayar kuwa daga kudu maso yamma ta ke tasowa, daga kan Tekun Atlantika, musamman ɓangaren nan da ke kudu da mu wanda a ke kira Mashigin Gini. Idan rana ta gasa ƙasar Arewa da Hamada a watan Maris da Afrilu, iskar da ke bisa ƙasa ta kan yi zafi ta tashi sama, sai ta teku ta kwararo ta maye gurbinta, tana ɗauke da tururin da rana ta ɗebo daga ruwa. Ita ce iskar nan mai laushi da mu kan ji da dare a ƙarshen bazara, wadda ke sa gishiri ya jiƙe a kwano, tsofaffi su ce damina ta ƙarato. Mutanen Ikko da Fatakwal su kan sami ruwanta tun watan Maris, amma ba ta kan kawo ruwa sosai ƙasar Sakkwato sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta janye kuma wajen ƙarshen Satumba. Wata huɗu ke nan, abincin shekara duka kuwa a kansu ya rataya.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai ko yaro ya san hadarinmu daga gabas ya ke tasowa." Gaskiya ne, kuma ba a yi ƙarya ba ta kowane gefe. Damshin ta ƙasa-ƙasa ya ke shigowa daga kudu, ba a ganinsa, kamar yadda ruwa ke bin ƙarƙashin yashin gulbi da rani. Sa'ad da ya taru ya hau sama ya zama gajimare, sai ya tarad da wata iska mai ƙarfi can wajen kilomita 3 ko 4 a bisa, wadda ke busowa daga gabas, ita ke kora hadarin zuwa yamma. Hadarin da ya zubar a Gummi da la'asar shi ne mutanen Kebbe za su gani ya haɗo musu daga gabas in an jima. Haka ya ke tafiya, ya bi ta Nijar da Mali da Senegal ya faɗa teku, har waɗansu daga cikin manyan guguwar da ke rushe gidaje a gaɓar Amurka daga irin wannan hadari namu su ke farawa.

ZAFIN TEKU DA FARI

To, abin da ke jawo iskar teku zuwa Arewa shi ne bambancin zafi, watau ƙasa da zafi, teku da sanyi. Kowace shekara wajen watan Yuni ruwa mai sanyi ya kan taso daga ƙarƙashin Mashigin Gini ya sanyaya fuskarsa, bambancin ya ƙaru, iska ta sami ƙarfin kutsowa har Sakkwato da Maraɗi. Shekarar da ruwan nan ya ƙi yin sanyi yadda ya saba, ko da da digiri ɗaya ne, sai ƙarfin iskar ya ragu, ruwa ya maƙale a gaɓa. Mutanen kudu su yi ta kukan ruwa ya yi yawa, mu kuwa mu yi ta fita roƙon ruwa. Haka aka yi a 1984, shekarar da dattawan ƙasar nan ba su manta ba. Ba Mashigin Gini kaɗai ba. Akwai wani zafi da kan taso a gabashin Tekun Fasifik, can bayan duniya, wanda masuntan ƙasar Peru suka laƙaba wa suna El Nino, shi ma ya kan danne daminarmu. An yi shi a 1972, aka yi kuma a 1982 zuwa 1983, kowa kuwa ya san abin da waɗannan shekaru suka yi wa dabbobi da rumbuna.

A nan akwai wani abu da ya kamata malamai su sani, domin ya shafi mutuncin mutanenmu. Bayan farin 1973, ra'ayin da ya fi rinjaye a duniya shi ne cewa talakawan Sahel su suka jawo wa kansu. A 1975 wani babban masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya yi bayanin cewa ƙasar da ta rasa ciyawa da itatuwa ta kan mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. Mutane suka ɗauki maganar suka ɗora wa makiyayi da shanunsa, da manomi da gatarinsa. Aka yi shekaru ana karantar da haka a makarantu, ni ma na karantar. Sai a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na ofishin binciken yanayi na Ingila suka gwada lissafin ruwan Sahel na shekaru masu yawa da lissafin zafin tekunan duniya, suka ga suna tafiya tare. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta lissafin zafin teku kaɗai, daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome game da shanu ko saran daji ba, sai ga shi ta fito da hawa da saukar ruwan Sahel kusan yadda aka yi shi. Ashe babban mai laifin yana can cikin ruwa. Ban ce a je a yi ta saran itace ba, gama ƙasar da aka tsiraita ta fi shan wuya idan farin ya zo. Amma Bafillacen da ya rasa garkensa a 1984 ba shi ya kira farin ba.

Tun da haka ne, wanda ya san halin teku a watan Afrilu ya sami ɗan haske a kan daminar Yuli. Wahalar ita ce aunawa. Teku ta rufe kashi 7 cikin 10 na fuskar duniya. A da matuƙan jiragen ruwa ke jefa guga su ɗebo ruwa, su tsoma ma'aunin zafi, su rubuta a littafi. Da irin wannan littafi Folland ya yi aikinsa. Amma jirgi hanyarsa ta ciniki kaɗai ya ke bi, sauran teku duk ba mai dubawa, kuma kafin labari ya iso hannun masana damina ta wuce.

MASU GADI A SAMA

Rasha ta fara harba tauraron ɗan Adam ran 4 ga Oktoba 1957, Amurka kuma ta harba na farko mai ɗaukar hoton gajimare, TIROS-1, ran 1 ga Afrilu 1960. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani tun farkonsa. A Kano aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawun John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a 1962. A watan Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Ikko.

Na farko da aka ƙera musamman don teku shi ne Seasat, wanda Amurka ta harba a watan Yuni 1978. Kwana 105 kaɗai ya yi yana aiki wutarsa ta lalace, amma a ɗan wannan lokaci ya nuna abin yana yiwuwa. Babban aikin ya kankama ne ran 10 ga Agusta 1992, da Amurka da Faransa suka haɗa hannu suka harba TOPEX/Poseidon daga Kourou a Amurka ta Kudu. Ya yi aiki har farkon 2006. Magadansa suka biyo sawu a kan hanya guda, Jason na ɗaya a 2001, na biyu a 2008, na uku a 2016, sa'an nan Sentinel-6 a watan Nuwamba 2020, don kada lissafin ya yanke.

Yara za su tambaya me ke hana shi faɗowa. Ku ɗauki majajjawa ku nuna musu. Dutsen yana so ya tsere, igiya tana riƙe da shi, sai ya yi ta kewaya. Roka ita ke ɗaga tauraron sama da iskar duniya, ta ba shi gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa guda, ƙarfin jan ƙasa kuwa shi ne igiyar. TOPEX da magadansa an ɗora su ne a nisan kilomita 1,336 daga ƙasa, su kewaye duniya cikin minti 112, kowane kwana 10 kuma su komo kan sawunsu na farko, sun riga sun ratsa kusan dukan tekunan da jirgi ke iya shiga.

Yadda su ke awo shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi kira ya san amsa kuwwa ta kan ɗan jinkirta gwargwadon zurfin rijiyar. Haka tauraron ke yi. Ya kan aika da saƙon rediyo ƙasa, saƙon ya bugi fuskar ruwa ya komo, ya lissafta jinkirin, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Da wannan ya ke sanin tudun ruwan, kuskurensa bai wuce kaurin yatsu biyu ko uku ba. Amfanin sanin tudun kuwa shi ne, ruwa mai zafi ya kan kumbura, saboda haka inda teku ta yi tozo, akwai zafi a tare a ƙarƙashi. Ta haka aka ga El Nino na 1997 yana ratsa Fasifik watanni kafin ya kai ƙarfinsa.

Waɗansu taurarin kuwa zafin fuskar ruwa su ke ji kai tsaye, kamar yadda mace ke kai hannu kusa da tukunya ta san ta yi zafi ba tare da ta taɓa ba. Tun 1981 a ke da irin wannan lissafi ba yankewa. Aibinsa shi ne gajimare na tare shi, kuma fatar ruwan kaɗai ya ke ji. Don haka tun 1997 ƙasashen Barazil da Faransa da Amurka suka daddasa ma'aunai masu yawo a kan ruwa, ɗaure da anka, a tsakiyar Atlantika har cikin Mashigin Gini, don a riƙa gwada maganar sama da ta ƙasa. Akwai kuma masu duba launin ruwa, tun daga wanda aka ɗora wa Nimbus-7 a 1978 har PACE na 2024. Inda ruwa ya yi kore akwai ƙananan tsirrai da kifi ke ci, inda ya yi ja-ja kuwa laka ce gulbi ya kawo.

Ɗaya daga cikinsu ya kamata kowane ɗan makaranta ya san sunansa, shi ne Meteosat na ƙasashen Turai, wanda aka harba na farkonsa a 1977. Shi yana can nisan kilomita 36,000, inda gudunsa ya yi daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum a wuri guda a ke ganinsa. Wurin nan kuwa bisa Mashigin Gini ne, kudu da ƙasar Gana, watau daidai kan tukunyar da a ke dafa mana damina. Kowane minti 10 ko 15 ya kan aiko da hoton Afirka duka. Hoton gajimaren da ku ke gani a talabijin bayan labarai daga wurinsa ya ke.

ABIN DA YA ISO MU, DA WANDA BAI ISO BA

Daga waɗannan awo ne hukumar binciken yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda ta kan faɗi lokacin da a ke sa ran faɗuwar ruwa, da ɗaukewarsa, da yawansa, da inda a ke tsoron ya yi tsaiko a tsakiya, har zuwa kan ƙananan hukumomi. A Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 saboda farin da ya gabata, tun 1998 kuma masanan Afirka ta Yamma ke taruwa kafin damina su daidaita hasashensu.

Kada wani ya ɗauka ana da'awar sanin gaibu ne. Sanin gaibu sai Allah. Wannan kamar malamin asibiti ne da ya taɓa jijiyar hannu ya ce zazzaɓi na tafe, ya kan dace, ya kan kuma kuskure. El Nino na 1997 ya fi na 1972 ƙarfi, amma farinsa a nan bai kai ko kusa da na 1984 ba, domin tekuna da yawa ke jan igiyar, kowace ta nata gefe. Hasashen ya fi ƙarfi a kan yanki mai faɗi da damina ɗungum, ya fi rauni a kan gona guda da rana guda. Wanda ya ce muku tauraro ya faɗi ranar da za a yi ruwa a Dogon Daji wata uku kafin lokaci, ya ƙara gishiri.

Duk da haka amfaninsa ba kaɗan ba ne. Masana aikin gona na Sahel suna da ƙa'ida, cewa damina ba ta zauna ba sai an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi tsaikon da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko manomi na iya aunawa da fartanyarsa, ya tona ya ga inda laima ta kai. Rabi na biyu shi ne ba ya iya gani, shi ne kuma ke cinye iri. Sau nawa a ke yin ruwan fari mai kyau a watan Mayu, a fita shuka da murna, gero ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke mako uku? Mai ƙarfi ya sayi wani iri, maras ƙarfi ya ci bashi. Da ya ji cewa bana ana tsoron tsaiko, sai ya raba irinsa biyu, ko ya nemi mai saurin nuna.

Ta ɗaya gefen kuma ga ambaliya. A watan Satumba 2010 ruwa ya ƙwace a madatsar Goronyo ya ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima, a 2020 kuma ya shafe shinkafar Jihar Kebbi ana gab da girbi. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, shi ma ba ya shawara da mai fadama in ya cika. A watan Disamba 2022 aka harba wani tauraro mai suna SWOT, wanda ke auna tudun ruwan teku da na gaɓa, har da na tafkuna da gulaben da faɗinsu ya kai mita 100. Ruwan Gulbin Zamfara kuwa Gulbin Sakkwato ya ke faɗawa, shi kuma ya faɗa Kwara, Kwara ta mayar da shi tekun da ya fito.

Can bakin tekun ma muna da kaya. Awon da aka fara a 1993 ya nuna teku ta ƙaru da kimanin santimita 10 zuwa 2024, kuma saurin ƙaruwar ya ninka. Garin Ayetoro a Jihar Ondo ruwa ya riga ya cinye babban sashensa. Ikko kuwa, inda 'yan cin raninmu da fataken albasa da shanu ke neman abin sakawa a baka, yawancinta a ƙasa-ƙasa ta ke, daf da ruwa.

Nijeriya tana da nata taurarin. Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta sa an harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba 2003, ya kuwa yi abin kirki, gama hotunansa sun taimaka bayan igiyar ruwan da ta afka wa ƙasashen Tekun Indiya a 2004 da guguwar Katrina a Amurka a 2005. Ran 17 ga Agusta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. Sai dai waɗannan masu ɗaukar hoton ƙasa ne, ba su auna zafin teku ko tudunta, kuma shekara 7 da aka ɗiba wa NigeriaSat-2 ta cika tun 2018. A wajen teku da idon waɗansu mu ke gani. Sa'ar da aka yi ita ce yawancin awon kyauta a ke bayar da shi ga duk mai so.

Inda gizo ke saƙa ba a sama ba ne. Saƙo ya kan taso daga kilomita 36,000 ya iso Abuja cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ya kasa ƙarasa 'yan kilomitoci daga ofis zuwa gindin bishiyar da manoma ke zama. Na sha ganin littafin hasashen damina a kan teburin ofis, da Turanci, ƙura ta rufe shi, alhali an gama shuka. A nan ne aikin ya zama namu, ya ku malamai da akawuna. Wanda ya sami littafin ya nemi shafin ƙaramar hukumarsa, ya juya shi da Hausa a takarda guda, ya kai wa hakimi da masu unguwanni da limamai, ya kuma faɗi gaskiya cewa hasashe ne.

Abu na biyu ya fi wannan sauƙi. Tauraro ba ya ganin ɗigon da ya taɓa ƙasa. Sanyin kan gajimare ya ke aunawa ya ƙiyasta ruwan da ke ciki, sai an gwada ƙiyasinsa da ma'aunin ƙasa kafin a san ko ya yi daidai, ma'aunan ƙasa kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a yankinmu. A da tashoshin gona da waɗansu ofisoshin hakimai da makarantu su kan riƙe littafin ruwa. Ba abin da zai hana a komo da shi. In ba a sami ma'auni na sosai ba, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa ke da faɗi ɗaya, ya isa a fara. A kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a ɗaure kada iska ko akuya ta ture. Kowace safiya a sa'a guda a tsoma rula, a rubuta kwanan wata da milimita, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin haka nan, gama kwanakin tsaiko su ne abin da aka fi bukatar sani.

Kafin in bar makarantar nan na roƙi malamin ya kafa gwangwani a bayan aji shida, ya kuma danƙa rula da littafin a hannun yaron da ya yi tambaya. Da kaka malam ya aiko mini da kwafin. Ruwan fari ya sauka, an yi tsaikon kwana goma sha ɗaya a bayansa, yaron kuwa ya rubuta sifirinsa goma sha ɗaya a jere, bai tsallake ko ɗaya ba.